Mun kwana a Ƙonni

Ina rubuta wannan ne a ɗakin masauki a Birnin Ƙonni, Yaya ya riga ya yi barci, ni kuwa barcin ya ƙi zuwa, ko da yake abin da nake so shi aka yi.

Mun bar Damagaram bayan ƙarfe takwas na safe, alhali da asuba muka shirya tashi, saboda taya ɗaya ta kwana da saccewa. Kowa ya san Yaya ba ya tuƙin dare, kuma tsakaninmu da Yamai akwai kusan kilomita 900, don haka tun kafin mu wuce Takieta an san cewa dole a yada zango a hanya. Abin da ya rage shi ne a zaɓi garin, kuma a nan maganar ta taso.

Yaya ya ce Maraɗi za mu sauka, kamar yadda muka saba tun muna yara. Hujjarsa ita ce gidan Gwaggo yana nan, akwai ɗaki, akwai tuwo, ba sai mun biya ko dala ba, sannan motar za ta samu kanikawa na gari idan tayar ta sake yin gardama. Ni kuma na fito da lissafi. Na ce daga Damagaram zuwa Maraɗi bai kai kilomita 250 ba, wanda ke nufin za mu sauka tun rana tana tsaka mu zauna ba aikin fari ba na baƙi, gobe kuma mu tashi da sama da kilomita 650 a gabanmu. Idan muka daure muka kai Ƙonni kuwa, mun raba tafiyar kusan biyu, abin da zai rage bai wuce 420 da ɗoriya ba, sai mu ratsa Dogon Dutsi da Dosso cikin natsuwa mu shiga Yamai kafin la'asar. Na ƙara da cewa sauka a gidan dangi ba ta da lokacin tashi, domin kafin a gama gaisuwa da karin kumallo da sallamar maƙwabta, hantsi ya dubi ludayi. Har na kawo maganar Tsarnawa, inda hanyar Tawa take rabuwa, na ce gara mu wuce ta da rana saboda manyan motoci.

Duk wannan gaskiya ne, kuma Yaya bai musanta ko ɗaya ba. Ya saurare ni har muka tsaya a Tasawa sayen kilishi. Da muka koma cikin mota, bai tayar da ita nan take ba, sai ya dube ni ya ce, “Na ji lissafinka, kuma ya yi daidai. Amma jiya da dare na gaya wa Gwaggo muna tafe. Sai ka kira ta ka faɗa mata da bakinka.”

Na ce, “Yaya, ai kai ne babba, daga bakinka ya fi dacewa.”

Ya ce, “Ni na je ta'aziyya.”

Bai ƙara kalma ba, ni ma ban samu abin cewa ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta, kuma abin da na yi kawai shi ne kiran waya na minti uku a ranar sadakar uku, tare da alkawarin cewa ina nan tafe. Tun daga lokacin kowane mako sai na samu uzuri, har uzurin ya tsufa ya zama kunya, kunyar kuma ta hana ni zuwan gaba ɗaya. Da na tsaya na auna, sai na ga ban taɓa damuwa da yawan kilomita a wannan hanya ba sai yau.

Na kira ta muna gab da Agye. Na yi tsammanin za ta yi ƙorafi, har na tanadi amsa, amma sai ta ce, “Ba komai ɗan nan, ai matafiyi shi ya san nisan hanyarsa. Allah ya kai ku lafiya.” Sannan ta ce ta sa an share ɗakin zaure an shimfiɗa tabarma, amma ba asara ba ce, yara za su kwanta. Wannan maganar ta ɗakin zaure ita ce ta tsaya mini a rai. A ɗakin ne take zaunar da mu muna ƙanana tana ba mu labarin da ta ji daga mahaifinta, na ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin gulbi har aka koma kan tudu, tana kuma tuna mana cewa mu Katsinawa ne ko da mun girma a Damagaram. Mun wuce mararrabar shiga Maraɗi da azahar, na kawar da kaina gefen taga har muka bar Tibiri a baya.

Sauran hanyar ba ta da wani labari. Mun yi salla a Gidan Rumji, mun wuce Madawa, a Galmi Yaya ya sayi albasa don matar abokinsa, ita ce ta cika motar da wari har yanzu. Mun hango masana'antar siminti ta Malbaza rana tana sunkuyawa, muka shigo Ƙonni kafin magariba kamar yadda na ce.

Garin bai yi mini laifi ba. Iyakar Illela tana nan kusa, shi ya sa mai shayin da muka zauna wajensa ya tambaye ni ko da sefa zan biya ko da naira, 'yan kabu-kabu kuma suna ta kai da kawo har bayan isha'i. Wani dattijo a rumfar ya ji mu baƙi ne, ya ɗauko mana tarihin yadda sojojin Faransa suka ƙone garin a 1899, Yaya yana ta jinjina kai, ni kuwa rabin hankalina yana can zauren da aka share. Ɗakin da muka kama yana da tsabta, sai dai sauro, kuma mun biya kuɗin da Yaya bai ce komai a kansa ba, abin da ya fi mini ciwo da a ce ya yi magana.

Kafin ya kwanta na tambaye shi inda za mu sauka ranar dawowa. Ya ce ni ne mai lissafi, in sake lissafawa. Na sake, kuma nisan bai canza ba: daga Yamai ma Ƙonni ce tsakiyar hanya, Maraɗi tana can gaba da kilomita 240 da Yaya zai tuƙa a gajiye. Na ware ƙunshin kilishi ɗaya na sa a ƙasan jakata, ban dai gaya masa na wane ne ba.