Ratar fistin da bangon silinda: inda injin turbo ke mutuwa tun kafin a tayar da shi

A sana'iyyar Jidda da ta Riyad, wato unguwannin makanikai, injinan da aka fi kawowa a ɗaura musu turbo sanannu ne: TB48 na Nissan Patrol, 1FZ na Land Cruiser, sai 2JZ na Toyota da ake dasawa cikin motoci iri-iri. Mai mota zai kashe dubban riyal a kan turbo, konrod da kwamfuta, amma idan aka zo maganar ratar da za a bari tsakanin fistin da bangon silinda sai a bar wa mai makhraɗa, wato shagon yanka da goge silinda, ya yi “yadda aka saba”. Wannan ratar ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, kuma ita ce ke yanke hukuncin ko injin zai yi shekaru ko zai kama a makon farko.

Dalilin barin ratar a fili yake. Fistin, wanda Larabawan warsha, wato gareji, ke kira bistim, na alminiyam ne, shi kuwa bulo, wato gangar jikin da silindodi ke ciki, na waɗannan injinan uku na baƙin ƙarfen zubi ne. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ga shi fistin ne ke karɓar wuta kai tsaye, yayin da bangon silinda ke da ruwa yana zagaya bayansa. Turbo na ƙara iska da mai, wutar ta ƙaru, fistin ya ƙara kumbura. In babu wurin da zai kumbura ya shiga, sai ya matse siririn man da ke tsakaninsa da bango, ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Ba lamba ɗaya ce ga kowane fistin ba, kuma nan ne ake yawan tafka kuskure. Fistin na zubi, irin wanda ke zuwa da mota daga kamfani, yawanci ratarsa milimita 0.02 zuwa 0.05 ce. Fistin na ƙira, wanda aka matsa da injin ƙira maimakon a narka a zuba, iri biyu ne a kasuwa, ana kiransu da lambar haɗin alminiyam ɗinsu: 4032 da 2618. Na 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, ba ya buɗewa sosai, yana da shiru, yana kuma daɗewa a motar yau da kullum, sai dai ya fi saurin tsagewa idan injin ya yi ƙwanƙwasa, wato mai ya fashe ba bisa tsari ba a cikin silinda. Na 2618 kusan babu silikon a cikinsa, yana jure duka, amma buɗewarsa ta fi ta ɗan'uwansa da kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka dole a sakar masa. A silinda mai faɗin milimita 86 irin ta 2JZ, na 4032 yakan so 0.05 zuwa 0.07, na 2618 kuma 0.08 zuwa 0.10. A silinda mai milimita 100 irin ta 1FZ, ko TB48 da aka faɗaɗa daga 99.5, na 2618 yakan kai 0.10 zuwa 0.13. Waɗannan lambobin don ka san unguwar da kake ne kawai. Takardar da ta zo cikin kwalin fistin ita ke da magana ta ƙarshe, kuma duk wanda ya jefar da ita tare da kwalin ya jefar da rabin kuɗinsa.

A kula da inci. Fistin ɗin Amurka, irin su JE, CP, Wiseco, da inci suke rubuta takardarsu. Inci 0.001 daidai yake da milimita 0.0254. Wato 0.004 na inci shi ne 0.10 na milimita, ba 0.04 ba. Wanda ya ruɗe a nan ya ba fistin ƙasa da rabin abin da yake bukata.

Sai aikin da motar za ta yi. Tseren kwatan mil daƙiƙu kaɗan ne, a sake ƙafa. Amma Patrol da ke taɗ'is, wato wasan mota a kan tudun yashi, a Sumama da ke kusa da Riyad, tana hawa tudu da ƙaramin giya, injin na ihu, motar ba ta gudun da iska za ta ratsa lagireto, ga ranar bazara da ke haura digiri 45. Irin wannan zafin mai daɗewa shi ya fi kumbura fistin. A ganina motar yashi, ko wadda za a ba turbo matsi mai yawa, a kai ta ƙarshen sama na abin da takarda ta bayar, in ma takardar ta ba da izinin ƙari saboda turbo, wanda yakan zama 0.01 zuwa 0.03, a ƙara. Ƙaramar ƙarar da sakakken fistin ke yi da safe ta fi silinda mai zane.

Yanzu awon kansa. Fistin ba zagayayye ba ne yadda ido ke gani. Kansa ya fi siket ɗinsa, wato ɓangarensa na ƙasa, ƙanƙanta, domin kan ne ya fi zafi, kuma siket ɗin ɗan ƙwai ne, ya fi faɗi ta gefen da ke gicciye da fil, sandar da ke haɗa fistin da konrod. Saboda haka wuri ɗaya tak ake aunawa: a kan siket, a gicciye da fil, a nisan da takarda ta faɗa daga gindin siket. Da yawa rabin inci suke cewa, wato milimita 12.7, wasu kuma daban. Ka hau sama da wurin, za ka samu fistin ya yi ƙanƙanta, ka goge silinda daidai da wannan awon, ka matse injin da hannunka. Idan siket ɗin yana da baƙin shafi, duba takarda ko ratar ta haɗa da shafin, wasu kamfanonin suna barin ɗan tagar da ba shafi don a ɗora maikuromita, na'urar auna kauri. Da maikuromitan da ka auna fistin za ka saita agogon auna silinda a sifili, sannan ka zura shi, abin da allura ta nuna shi ne ratar. Zura filagej, siraran ƙarafan gwada rata, a gefen fistin ba awo ba ne a wannan aikin. A auna sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, bambancin kada ya wuce 0.01. Kowane fistin da silindarsa, a rubuta lamba a kansa.

Abin da ya fi damuna a warshoshinmu shi ne zafin wurin awo. Lambobin kamfani na digiri 20 ne. A faɗin milimita 100, fistin 2618 yana ƙaruwa da kusan 0.0022 a kowane digiri, bangon baƙin ƙarfe kuma 0.0011. In duka biyun suna digiri 40, ratar da za ka gani ta gaza ta gaskiya da kusan 0.02. Wannan da sauƙi, injin zai ɗan fi saki ne kawai. Mai hatsarin shi ne akasinsa: bulo ya sauko daga injin gogewa da ɗuminsa, fistin kuma an fito da shi daga ofis mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Bulon da ya fi fistin ɗumi da digiri 15 zai nuna maka ƙarin kusan 0.017 da babu shi, da ya huce sai ya tsuke. Maganin ba ya cin ko riyal ɗaya: bulo, fistin, maikuromita da agogon awo su kwana a ɗaki ɗaya, a auna da sassafe.

Kada a goge silinda ba tare da farantin matsi ba. Idan aka ɗaure kan injin, musamman da kusoshin kamfanin ARP masu ƙarfi, saman silinda yana ɗan murɗewa wajen kusoshin. Farantin ƙarfe ne mai kauri da ake ɗaurawa a madadin kan injin, da gasket irin wanda za a yi amfani da shi, da kusoshin, da ƙarfin ɗaurin, a kuma ɗaure murafan kiransha, sannan a goge. A bar 0.07 zuwa 0.10 bayan yanka don gogewar ta cinye. Ba kowace makhraɗa ke da farantin kowane inji ba, sai ka tambaya kafin ka sauke bulonka. Kuma fistin ne ke fara isowa, a goge silinda a kansa, ba a yanka bulo a jira kaya daga waje ba.

Ringi, shanabir a bakin 'yan warsha, ratar bakinsu tafiyarta ɗaya da wannan. A injin turbo mai faɗin 100, ringin sama yakan so 0.55 zuwa 0.60, na biyu ya ɗan fi shi. In bakin ya haɗe da zafi, ringin ya ɓalle gefen kan fistin.

Idan aka kwance injin da ya lalace, fistin ɗin zai faɗa maka laifin wa. Zane a fuskokin siket biyu, daga sama har ƙasa, a dukkan silindodi, matsi ne. Zane a kusurwoyi huɗu kusa da fil, fistin ne ya yi zafi ya kumbura alhali bulo bai buɗe ba, abin da ke faruwa idan aka taka injin da sanyinsa. Masu cire tamostat da sunan maganin zafi su lura da wannan, musamman da asubahin hunturun Ɗa'if ko Abha. Kan fistin da ya yi tsaga-tsaga kamar an watsa masa yashi kuwa ƙwanƙwasa ce, ba laifin rata ba, sau da yawa daga zuba fetur 91 a injin da aka saita a kan 95. Rata mai yawa ita ma tana da nata: ƙarar da ba ta ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, shan mai, hayaƙi a bututun numfashi, ringi ya kasa zama saboda fistin na rangaji. Fistin 2618 da ke ɗan ƙara da safe ya yi shiru bayan minti biyar lafiyarsa ƙalau. A bar allurar zafin ruwa ta kai wurinta, a ƙara wasu mintuna don baƙin mai ya bi bayanta, sannan a ba turbo aiki.