PCM ko Dolby: saitin da kiɗan gida yake so

A gidaje da yawa a Yamai haɗin kusan iri ɗaya ne: talabijin a bango, dekodar Canal+ a ƙarƙashinta, amfilifaya da lasifika biyu a gefe. Sai a saka waƙa a ji shiru, ko a ji "shhhh" kamar an tsoma ƙosai a mai. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana layi guda ne cikin saitin sauti, wanda talabijin mai Faransanci ke rubutawa Sortie audio numérique.

A nan za ka ga PCM, da Auto, da Dolby Digital ko Bitstream. PCM sauti ne da talabijin ta riga ta warware, hanya biyu, hagu da dama. Dolby Digital kuwa ƙunshi ne a ɗaure, mai ɗaukar har hanya shida, kuma sai na'urar da ta iya kwance shi. Kusan duk waƙoƙin da muke saurare a hanya biyu aka naɗe su, kamar faifan CD mai bit 16 da 44.1 kHz. Don haka in lasifikarka biyu ce, zaɓi PCM kai tsaye.

Ƙaramin akwatin nan da ake saye a kasuwa don haɗa talabijin da amfilifaya, mai karɓar kebul na haske (optical, mai kai sauti ta hanyar haske) ya fitar da sauti ta filogi ja da fari, galibinsa PCM kaɗai ya sani. In ka bar saitin a Auto, wato talabijin ta zaɓa da kanta, wata tasha za ta yi magana daram, wata mai aiko Dolby ta koma ƙara ko shiru, har mutum ya ɗauka akwatin ya ƙone. Ka duba dekodar ma, ita ma tana da nata saitin. Dolby sai ga mai na'urar sinimar gida da lasifika biyar da ta shida mai fitar da sauti mai kauri (subwoofer), shi ma don fim.

Kebul na haske yana son kulawa. Cire ƴar hular roba da ke bakinsa kafin ka soka, ka tura har ka ji "ƙas". In talabijin na kunne, ya kamata ka ga jan haske a ɗaya bakin. Kada a lanƙwasa shi a bayan kabad, don zaren ciki na karyewa, kuma lokacin hazo a hure ƙurar ramin. Ka sani ƙarfin sautin wannan hanya a tsaye yake a yawancin talabijin, sai dai ka ƙara ko ka rage a amfilifaya.

In da kebul na HDMI za ka haɗa talabijin da amfilifaya, nemi ramin da aka rubuta ARC a jikinsa, wato mai mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya, sannan ka kunna CEC, saitin da ke sa na'urorin su yi aiki tare: sunansa Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG. In ba haka ba, a yawancin talabijin sauti ba zai fito ba.

A kwamfuta mai Windows, a saitin ingancin sauti, bit 24 da 44100 ko 48000 Hz sun wadatar. Ɗaga shi zuwa 192000 ba ya ƙara wa waƙar abin da babu a cikinta. Abin da ya fi amfani shi ne kashe duk ƙarin gyaran sauti, a talabijin kuma a kashe mai daidaita ƙarfi da kansa da saitin dare, domin su ne ke danne bugun kalangu ya fito laƙwas.

Ita kanta waƙar ma a duba ta. MP3 mai 128 kbps (ma'aunin yawan bayanin sauti a kowace daƙiƙa) da ya yi yawo daga salula zuwa salula ba zai kai mai 320 kbps ba, kuma Bluetooth yana sake matse shi a hanya. In da hali, saka waƙoƙin a kan USB ko ka haɗa da kebul. Bayan an ɗauke wuta an dawo, ko talabijin ta sabunta manhajarta, in sauti ya canza, fara leƙa layin nan na Sortie audio numérique ka ga ko ya koma Auto kafin ka kira mai gyara.