Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Komawa Kan Magani

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye sertraline, maganin ciwon damuwa da nake sha, bayan na ga na samu sauƙi, da yadda kwanakin farko suka zo mini da jiri da wani abu mai kama da jan lantarki a cikin kai duk sanda na juya ido. Wannan ya yi 'yan makonni ya lafa da kansa, har na sakankance an rabu ke nan. Abin da zan ba ku labarinsa yau daga baya ya zo, kuma a sannu ya shigo.

Barci ne ya fara lalacewa. Sai in farka tsakar dare idona ya bushe, in kwana ina tuhumar kaina kan maganganun da aka yi shekaru da yinsu, waɗanda na yi da su ma sun manta. Waya ta yi ta ƙara ina kallonta har ta katse. Na jiƙa wanki a bokiti, na riƙa wuce shi safe da yamma ina cewa anjima, har ruwan ya yi yauƙi ya fara wari.

Warin nan ne ya tona mini asiri ranar da Yaya ta zo. Ta leƙa bokitin, ta dube ni.

"Ƙanwata, yaushe rabonki da maganin nan?"

"Yaya, ai na warke."

"To Allah ya ƙara sauƙi. Gobe ki shirya, ni zan raka ki."

Akwai ragowar ƙwayoyin miligiram 100 a durowata, na ce mata ba sai an je ko'ina ba, zan ci gaba daga inda na tsaya. Ta karɓe kwalin ta jefa a jakarta, ta ce sai abin da likita ya faɗa.

Na shiga ofishin likita ina jiran faɗa, amma tambayoyi ya yi ta jero mini. Ya ba ni takardar nan mai tambayoyi 9 da ake auna nauyin ciwon damuwa da ita. Ya tambaye ni kai tsaye ko tunanin mutuwa yana zuwar mini, na ce yana zuwa, amma ban taɓa shirya komai ba. Ya tambaya ko an taɓa yin lokacin da na yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, ga surutu ga kashe kuɗi, domin mai irin wannan idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa. Ya tambaya ko ina da juna biyu, da kuma abin da nake sha in jikina yana ciwo. Ya ja kunnena a kan tramadol, ya ce haɗa shi da sertraline na iya sa sinadarin serotonin ya yi yawa har a shiga haɗari. Ibuprofen da diclofenac kuma suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki.

Sai ya raba mini abu biyun da na cakuɗa. Jirin farko, in ji shi, jiki ne ke neman abin da ya saba, shi ya sa ya zo cikin kwanaki kuma ya wuce. Wannan na yanzu kuwa, da ya ɗauki watanni yana rarrafowa da irin fuskar da na sani tun karon farko, ciwon ne ya dawo.

"Malama, ba za mu koma 100 yau ba," ya ce. "Rabin maganin nan yana fita daga jini cikin kusan kwana guda. Bayan mako ɗaya kusan babu sauransa. Jikinki yanzu baƙo ne a wurinsa."

Ya ɗora ni kan miligiram 25 na mako guda, daga nan 50, sai a ga abin da hali ya yi.

Na tambaye shi ko ni ce mai rauni. Ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ingila da mutum 478 da suka daɗe kan magani har suka ji sun isa su daina. An janye wa rabinsu a hankali, rabi suka ci gaba. Cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Na daɗe ina juya lissafin nan. Akwai da yawa da suka ajiye suka zauna lafiya, kuma ina taya su murna har zuciyata. Akwai kuma waɗanda suna sha ma ya dawo musu. Ni dai ga ɓangaren da na faɗa.

Makonnin farko sun ba ni wuya fiye da karon farko, kuma ba na so in ɓoye wa duk wanda ke shirin komawa. Tashin zuciya da safe, gudawa, ciwon kai, muƙamuƙi a ɗaure kamar ina cije wani abu. Fargaba ta ƙaru kafin ta ragu, har hannuna yana rawa in na ɗauki kofi. Ga illar magani ta iso tun ranar farko, amfaninsa kuwa sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin alama, wani ma sai 6 ko 8. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na riga na ɗanɗani lafiya, na san yadda take, ga shi ina haɗiyar ƙwayar da ta taɓa ba ni ita amma shiru. Kullum tambayata ɗaya ce: in bai yi aiki ba wannan karon fa? Likita ya riga ya gaya mini cewa akasari wanda magani ya taɓa karɓarsa yakan sake karɓarsa, in kuma bai yi ba akwai wasu. Ya kuma ce in tunanin cutar da kaina ya ƙaru kada in jira ranar dawowa, in zo a ranar. Yaya ta riƙe wannan maganar fiye da ni, kowane dare sai ta kira, in ban ɗauka ba ta sake kira.

Masu cewa na koma bautar ƙwaya ba su rasa ba, har cikin dangi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban taɓa jin kwaɗayin maganin nan ba, ban taɓa jin daɗin da zai sa in ƙara biyu a kan ɗaya ba, sau da yawa ma ƙararrawar waya ke tuna mini lokacinsa. Yana ɓata mini rai in ga ana haɗa shi da kayan maye, domin irin wannan maganar ce ke sa mutane ajiye magani a ɓoye.

Sauƙin ma Yaya ce ta riga ni ganinsa. Ta ce muryata ta dawo a waya. Ni abin da na lura da shi kawai shi ne na fara kai wa asuba ban farka ba. Da na koma, likita ya bar ni a 50, ya ce mai karon farko ana so ya ƙara aƙalla wata 6 bayan ya warware, wanda ciwon ya maimaita masa kuma yakan kai shekara 2 ko fiye, kuma ranar da za a sauka tare za mu sauka, kaɗan-kaɗan. Ya haɗa ni da mai ba da shawara ta hanyar tattaunawa, abin da na ƙi a karon farko. Yadda zamanmu na farko da ita ya kaya, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.