Talata mai hazo

Ƙura tun asuba, ko ƙetaren gulbi ba a hangowa. Sai da na ɗaure wa Abba hanci kafin ya tafi makaranta.

Da hantsi Yaya Hadiza ta kira daga Faransa. Wai jiya an yi mata wani awo saboda asmarta, ba allura, ba ɗibar jini. Ƴar na'ura ce, ka cika ƙirji ka hura a hankali kamar mai huce kunu, wajen daƙiƙa 10, ba gaggawa ba sassautawa. Wata iska take ƙirgawa, nitirik oksayid, wadda hanyoyin numfashi ke fitarwa da yawa in sun kumbura irin kumburin asma. Ga babba in lambar da ta nuna ƙasa da 25 ce da sauƙi, sama da 50 kumburi na nan. Nata ya haura 50, alhali ta kwana biyu ko tari ba ta yi. Lokotoro ya maida ta kan maganin shaƙa mai kotizon safe da yamma, ya ce ɗaya maganin shaƙar, Ventoline, buɗe hanya kawai yake, ba ruwansa da kumburi.

Na ce, "Yaya, ashe mutum na jin garau abu na cinsa a ciki?" Ta ce, "Ke dai bari."

Har salati aka hana ta ci kafin awon, wai irin ganyen nan na ɗaga lambar, taba kuwa saukar da ita take. Baban Abba na gefe ya ce to shi ya ci jarrabawa ke nan. Ban yi dariya ba.

Bayan azahar Inna ta gan ni da maganin asmar Abba a hannu. "Yaron nan ai ya warke, ki bar ɗura masa wannan abu kada ya saba." Na ce, "Inna, lokotoro bai ce a bari ba." Ta ce su da zuma suka raini nasu, ga su nan da ransu. Me zan ce? Ita ƙirjin da ba ya kuka shi ne lafiya, ni kuma ba ni da wata lamba a takarda da zan nuna mata. Lambobin awon yara ma daban ne, 20 da 35 inji Yaya. Abin ya tsaya mini a rai har magariba, miya ma ta so ƙonewa.

Tela bai gama ɗinkin ba. Wuta sai ɗaukewa take.

Alhamis za mu ga lokotoron Abba, zan yi masa maganar awon. Da Inna za mu tafi, ta ji da kunnenta.