Saƙon godiya: yau goshina ya taɓa ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau Juma'a, bayan wata 5 da 'yan kwanaki, na shiga sahu na yi sallah kamar kowa. Na tsaya da ƙafafuna, na yi ruku'u, na durƙusa, na sa goshina a ƙasa. Da aka sallame na koma gefe na yi nafila, kuma a nan ne na daɗe ban ɗago ba. Alhamdu lillahi. Tun ina kwance na ɗauki alkawari cewa ranar da Allah Ya nuna mini wannan zan fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya mini.

Ga waɗanda labarin bai kai gare su ba: cikin hunturu ne, da hantsi, na hau kabu-kabu daga unguwar Mabera a nan Sakkwato za ni shagona a Tsohuwar Kasuwa, wata mota ta kwashe mu ta gefe. Ɗan kabu-kabun ya tsira da ƙujewa. Ni kuwa da na yunƙura zan tashi, sai na ga ƙafata ta dama ta juya waje, ta gajarce, ina ce mata taso ba ta ji. Ƙashin cinya ne ya karye gida biyu.

Godiyata ta farko ga mutumin da ban san sunansa ba, kuma ko na gan shi yau ba zan gane shi ba. Jama'a sun taru, kowa da niyyar alheri, wasu har sun kama ƙafar za su ja ta. Shi ne ya hana. Ya karɓo katako wurin wani mai shayi, ya kwance rawaninsa ya ɗaure ƙafar da shi, sannan aka ɗora ni a bayan a-kori-kura. Rawanin yana nan a wanke, a ninke. Mai motar da ta buge mu shi ma bai gudu ba, ya bi mu, ya yi ta zirga-zirga har aka sallame ni. Na yafe masa tun a ranar, ina kuma maimaitawa a gaban kowa.

Gida aka fara kai ni, Inna ta ce a kira mai ɗori. Dattijo ne da ya gaji sana'ar, ya ɗora rabin yaran unguwarmu. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya shafa cinyar da ta kumbura kamar tulu, ya dubi idona, sai ya janye hannunsa ya ce: "Hajiya, wanga ba aikina na ba. Ƙashin cinya na, kuma jini na zuba ciki. Ku tahi da shi asibiti yanzu-yanzu." Ko sisi bai karɓa ba. Daga baya likita ya tabbatar mini cewa idan ƙashin cinya ya karye, mutum na iya zubar da jini fiye da lita 1 a cikin cinyar ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. A ɗakin da na kwanta akwai yaron da aka ɗaure wa hannu tamau a wani wuri har jini ya daina kai wa yatsu, hannun ya yi baƙi, dole aka yanke. Ba don in rena ɗori na kawo wannan ba, an daɗe ana cin moriyarsa a ƙasar Hausa. Na kawo ne don a san girman abin da Baba ya yi mini da ya san inda iyawarsa ta tsaya. Baba, Allah Ya sa ka gama lafiya.

Sai likitocin ƙashi da malaman jinya. Da aka ɗauki hoto, babban likitan ya ɗaga shi a haske ya nuna mini guntaye biyu sun hau kan juna. Na ce, "Likita, wannan zai haɗu kuwa?" Ya ce, "Malam, ni ba na haɗa ƙashi. Nawa in daidaita shi in riƙe shi wuri ɗaya. Haɗuwa shi zai yi da kansa, da ikon Allah." Aka yi tiyata, aka zura sandar ƙarfe ta cikin ramin ƙashin, inda ɓargo yake, aka kulle ta da kusoshi sama da ƙasa.

Wannan magana tasa ita ta zauna mini a rai duk tsawon jinyar. Da ina ɗaukar ƙashi kamar busasshen ice ne da aka lulluɓe da nama, irin wanda muke gani an yar a kwata. Ashe rayayye ne, yana da hanyoyin jini, yana ci, yana ginuwa. Idan ya karye, jini ne ke fara daskarewa a wurin. Cikin mako 2 zuwa 3 wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗe bakin karayar. Sannan wannan ya riƙa ƙanƙarewa har ya zama ƙashi, da farko da ƙullutu, daga baya jiki ya yi ta sassaƙe shi wata da watanni. Na ga haka da idona. A hoton mako na 6 wani farin hayaƙi ya kewaye wurin, likita ya sa yatsa a kai yana murmushi ya ce sabon ƙashi ke nan. Ya kuma ce ko ba karaya, kullum jiki na rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, ta yadda cikin kimanin shekara 10 kusan duk ƙasusuwan mutum sun sabunta.

Ni tela ne. Shekara 20 ina auna mutane: kafaɗa, hannu, ƙugu, tsayin wando. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙashi nake aunawa ba, sai ranar da likita ya zaro tef irin nawa, ya auna ni daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, dama da hagu, don ya ga ko ƙafar ta dawo daidai da 'yar uwarta. Ta dawo. A sashen gashin ƙashi kuma akwai kwarangwal na roba a tsaye a kusurwa, na yi ta kallonsa ina tambaya, mai yi mini gashi bai taɓa ƙosawa ba. Shi ya gaya mini babban mutum na da ƙasusuwa 206, jariri kuwa da wajen 270 ake haihuwarsa, wasu na haɗewa yana girma. Maɗigar da ke motsi a kan jinjiri ma ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba. Fiye da rabin 206 ɗin nan suna hannu da ƙafa ne: 27 a kowane hannu, 26 a kowace ƙafa. Na dubi yatsun da nake zura zare a allura da su, na yi shiru. Ya nuna mini haƙarƙari 12 a kowane gefe sun yi wa zuciya da huhu shinge, ƙoƙon kai ya rufe ƙwaƙwalwa, ƙashin baya an jera shi gaɓa-gaɓa laka na bi ta tsakiya. Wanda na karya kuwa shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin mutum. Nauyin kai da ƙirji yana bin ƙashin baya ya sauka a ƙugu, ƙugu ya raba wa cinyoyi biyu, su kuma su miƙa shi ƙasa. Shi ya sa da ɗaya ta karye, duk sauran jikina lafiya lau amma ko zama ban iya ba.

Leda 2 ta jini aka ƙara mini. Ƙanena ya ba da ɗaya, babban yaron shagona ya ba da ɗaya, ba wanda ya roƙe shi. Inna ta damu ƙwarai, tana ganin an rage musu wani abu da ba zai dawo ba, sai wata nas ta kwantar mata da hankali, ta ce jinin zai dawo, domin a cikin ɓargon ƙashi ake yin sa kullum. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku.

Maiɗakina, ban san ta inda zan fara ba. Ita ke juya ni, ita ke kawo tasa ta kai, ita ke riƙe mini buta. Da aka ce mata kusan duk sinadarin kalsiyam na jiki a ƙashi da haƙori yake, kuma ƙashi mai haɗuwa na buƙatarsa, ba ranar da ta wuce ban sha fura da nono ba, ga kwaɗon zogale, ga wake da ƙwai, ga ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya. Da aka ce hasken rana na taimaka wa jiki ya amfana da shi, kowace safiya sai ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida kafin ranar Sakkwato ta yi zafi. Duk zafin bazarar nan ta yi shi da mafici a hannu. Abin da ke tsakanina da ke sai addu'a.

Mai gashi ya sha fama da ni. Ranar da ya ce in fara taka ƙafar tsoro ya kama ni, cinyar ta rame ta zama rabin ɗayar. Ya ce tsoka ce ke jan ƙashi ya motsa, kuma ƙashi sai yana ɗaukar nauyi yake ƙarfi, kwanciya cinye shi take yi. Taki 4 na yi a ranar, gumi ya jiƙe mini riga. Ya riƙe ni ta ƙugu bai sake ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tawa ta karye, naku suka zo. Limamin unguwarmu da jama'ar masallaci, 'yan uwana teloli da suka yi karo-karo suka biya rabin kuɗin aiki, yaran shago da suka riƙe wurin ba a rufe ko kwana ɗaya ba, masu ɗinkin da suka yi haƙuri kayansu suka makara, surukaina da suka zo tun daga Wurno da buhun gero, maƙwabcin da ya riƙa kai yarana makaranta: na gani, ban manta ba. Wanda ban ambata ba ya yafe mini.

Na yi sallah a kwance da ishara, na yi a zaune a kan gado, na yi a kan kujera a ƙarshen sahu. A kwanakin ne liman ya tuna mini hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce an umarce shi ya yi sujada a kan ƙasusuwa bakwai: goshi tare da hanci, tafukan hannu biyu, gwiwoyi biyu, da yatsun ƙafafu biyu. Tun ina yaro na san hadisin, amma sai da gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa na riƙa ƙirga su. Yau duka bakwai sun sauka.

Da sauran ɗingishi kaɗan, ƙarfen ma yana nan ciki, zan koma a sake hoto nan da wata 3. Na fara taka keken ɗinki, rabin awa da safe, rabin awa da yamma. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, ku sa da waɗanda na baro a kwance.

Sandunan da na dogara da su lafiyarsu ƙalau, robar ƙasan ɗaya kawai na canza. Duk wanda ke da majinyacin da ke buƙata, ya zo shago ya ɗauka. Mai rawani kuma, idan wannan saƙo ya kai gare ka, kayanka na wurina.