Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Riƙe Jakar Lasin

A makon jiya na tsaya ne a inda ciwon gwiwa ya raba ni da buga ƙwallo, har dattawan kulob ɗin unguwarmu suka ga cewa tunda na yi sakandare kuma rubutuna yana karantuwa, gara a naɗa ni sakatare da a bar ni ina zaman kashe wando a bakin fili. A farkon 1991 aka miƙa mini wata tsohuwar jakar fata mai ɗauke da lasin 'yan wasa da littafin karo-karo da hatimin roba, kuma a cikin wannan jaka na ga ɓangaren gasar da ɗan wasa ba ya gani.

Matasan da suka buɗe ido suka tarar da Kano Pillars suna zaton da ita ƙwallon Kano ya fara, alhali kuwa tun a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa, wanda aka soma a Legas a 1945 da sunan Kofin Gwamna. Da aka kafa gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta, sannan a 1978 Raccah Rovers ta kawo kambun Kano, kuma a wancan zamanin akasarin 'yan wasa ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda suke fita atisaye bayan sun tashi daga aiki. Sai a 1990 aka soma gasar ƙwararru, a shekarar ce kuma aka narkar da kulob uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, suka zama Pillars, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Mu da muke can ƙasa mun yi murna, amma mun lura cewa ƙofofi uku da yaranmu suke ƙwanƙwasawa sun koma ɗaya, don haka gasar jiha ta ƙara zafi, domin kowane yaro yana son a gan shi.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ita take yi wa kulob rajista a farkon kaka, ta raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, ta fitar da jadawali, ta kuma turo alƙalin wasa da mataimakansa. Waɗanda suka gama a saman teburi su hau rukuni na gaba, na ƙasa su sauka, zakarun jiha kuma su nemi gurbi a gasar ƙasa ta waɗanda ba ƙwararru ba, wadda a yau ake kira NLO, matakin da yake ƙarƙashin NNL, gasar rukuni na biyu, da NPFL, babbar gasar ƙwararru. Ban da wannan akwai zagayen jiha na kofin ƙalubale, inda ƙuri'a za ta iya haɗa kulob ɗin lungu da Pillars a filin Sabon Gari ko na Ƙofar Mata. A watan Agustan 1991 aka cire Jigawa daga Kano, kulob-kulob na Haɗeja da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu suka koma hannun sabuwar jiha, mu kuwa abin da muka fara lissafawa shi ne kuɗin motar da ya sauka daga wuyanmu.

Kuɗi shi ne ciwon kowane sakatare. Ba a biyan ɗan wasa albashi, sai dai kuɗin sabulu idan an yi nasara, amma dole a biya rajista, a ɗauki hoton fasfo na kowane yaro, a sayi ƙwallo da riguna, a yi shatar bas, a sayi lemon zaƙi da ƙanƙara na hutun rabin lokaci. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake bin teloli da masu shayi da 'yan tireda da littafina, wani ya ba da naira biyu, wani ya ce in dawo jibi. Uban kulob ɗinmu ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, kuma idan kasuwa ta yi masa daɗi mukan je wasa a mota, idan ta juya masa baya mu taka da ƙafa zuwa filin Mahaha. Filayen ba su da ciyawa, da toka ko farar ƙasa muke ja musu layi, ana take wasa bayan la'asar don a tashi kafin magariba, da azumi kuwa sai a jingine jadawalin gaba ɗaya.

Lasin ɗan kati ne mai hoto da suna da hatimin hukuma, amma a kansa ake yin rabin rigimar gasar. Kafin a busa usur, alƙalin wasa yakan jera 'yan wasa, kyaftin ɗin abokan hamayya yana tsaye, a riƙa ɗaga kati ana duban fuska. Dalili shi ne sojan haya, wato gwanin da ake ɗaukowa daga wani kulob ko wani gari ya buga wasa ɗaya da sunan wani. Kowa yana tsine wa wannan ɗabi'a a gaban kwamiti, kuma a iya sanina kulob kaɗan ne ba su taɓa yin ta ba.

A kakata ta biyu muka kai wasan ƙarshe muna buƙatar nasara kafin mu hau rukuni, ga shi mai cin mana ƙwallo ya karye a hannu. Da daddare kocinmu ya same ni a ƙofar gida tare da wani dogon yaro da ban taɓa gani ba, ya ce: "Malam Sakatare, wannan ɗan ƙanwata ne, ka taimaka mana da kati." Na ce masa: "Koci, rajista ta rufe tun watanni uku." Ya yi shiru, sannan ya ce ai unguwa gaba ɗaya ni take kallo. Ba zan ɗora wa kowa laifin ba, domin da hannuna na kanga katin wanda ya karye a bakin butar shayi har hoton ya saki, na liƙa na baƙon, na cike gefen hatimin da biro.

Yaron ya ci biyu, muka tashi biyu da ɗaya, aka ɗauko koci a kafaɗa har unguwa. Abin da ban sani ba shi ne sakataren ɗaya kulob ɗin, wani dattijo mai gilashi wanda ya girme ni a wannan aiki da shekara ashirin, ya rubuta ƙorafinsa a bayan takardar wasa tun kafin a take, ya kuma biya kuɗin ƙara washegari da safe. Ranar zaman kwamiti ya zo da lasin yaron na gaskiya daga wani kulob na wata ƙaramar hukuma, aka ajiye katunan biyu a kan tebur, fuska ɗaya suna biyu. Shugaban zaman ya ɗaga nawa ya duba a hasken taga, ya tambaye ni ko hukuma ta fara buga hatimi da biro ne. Aka ƙwace makin aka ba su, aka ci kulob tara, ni kuma aka dakatar da ni kaka guda.

Da muka fito, dattijon nan ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce: "Ɗana, tururin shayi yana sa kati ya kumbura, tun daga nesa na gane." Shi ne mutumin da bayan shekara biyu ya kawo sunana lokacin da ake neman wanda zai riƙa tsara jadawalin rukuninmu, kuma yadda na karɓi wannan aiki a shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya, 1994, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.