Kyanwar Hajiya da zaren da ya sulle

Makon nan zan bar asibitin dabbobin da na shekara uku ina aiki a cikinsa. Akwai abin da nake so wanda zai gaje ni ya sani.

A watana na huɗu wata Hajiya ta kawo kyanwarta a cire mata mahaifa, ta gaji da yawan 'ya'ya. Na tambaye ta ko muzuru ya taɓa ta, ta ce ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Babban likitanmu ya ce, "Yi kawai, ƙaramin aiki ne," ya ɗauki makullin mota ya fice. Ban lalubi cikin ba, ban ɗora mata na'urar hoto ba, alhali ga ta nan a ɗakin.

Ina buɗewa na ga rassan mahaifar biyu sun yi ƙulli huɗu. Ciki ne na wajen mako biyar, ita kuwa kyanwa a kwana 63 zuwa 65 take haihuwa. Mahaifar da na saba gani siririya ce, jijiyoyinta kamar gashi. Ta mai ciki daban take: mabiyiya tana zagaye kowane ɗan tayi kamar ɗamara, kullum jini take ja, don haka jijiyoyin sun buɗe, sun yi kauri, sun cika tam. Na gani da idona, amma hannuna ya yi abin da ya saba. Na ɗaure jijiyoyin da zare ɗaya na yanke.

Wajen ƙwan mahaifa na dama, wanda ya fi shigewa sama kusa da ƙoda, zaren ya sulle. Jijiyar wurin kai tsaye take fitowa daga uwar jijiyoyin jiki. Kafin in ankara ciki ya cika da jini. Na ƙara tsagar, na ɗaga farkon ƙaramin hanji na ture sauran gefe, na kamo bakin jijiyar da hantsaki, na yi mata ɗauri biyu. Ni kaɗai, sai yaron da ke riƙe da ledar ƙarin ruwa.

Kyanwar ta rayu, 'ya'yan sun tafi. Hajiya ta ce, "Likita, da na sani ai da na bari ta haihu." Babban likitan ya dawo bayan la'asar, ya ce mata wai ya gargaɗe ni na ƙi ji. Na yi shiru. Laifina na karɓa, amma wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Kada ka dogara da "ba ta fita": barbarar ce da kanta ke sa kyanwa sakin ƙwai, dare ɗaya ya isa. Duba ciki kafin wuƙa. Idan babba ya ce zai fita, a rubuta a fayil.

Tun ranar zare bai sake sulle mini ba. Hajiya kuma duk sa'ad da ta kawo kyanwar rigakafi, ni take tambaya.